Mai masauki ko baƙo: yadda ake saita ramin USB a kanel na Linux

Tun ranar 4 ga Disamba 2021, da hukumar zakka da haraji ta Saudiyya ta wajabta wa masu rajistar VAT fitar da fatura, wato takardar ciniki, ta na'ura mai ɗauke da lambar QR, kananan shaguna a Jidda da Makka suka shiga neman firintar rasit. Daga nan aikina ya karkata. Ina haɗa wani ɗan akwati mai allon da'ira da ke gudanar da Linux a ciki, wanda ke zama ƙarƙashin kantar baƙala, wato shagon kayan masarufi, yana tura fatura zuwa firinta. Allon rami ɗaya gare shi na USB. Da rana firinta ce a jikinsa. In kuma na zo gyara, ta wannan ramin nake so laftof ɗina ya shiga cikinsa ba tare da na kwance dunƙule ko ɗaya ba.

A ka'idar USB ba a zaman daidai wa daida. Ɗaya mai masauki ne, ɗaya baƙo. Mai masauki shi ke ba da wutar bolt 5 a layin VBUS, shi ke fara magana, shi ke tambayar wanda ya shigo sunansa da bukatarsa, sannan ya ba shi adireshi. Baƙo ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. A cikin kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urori, sunan na farko `host`, na biyun kuma `peripheral` ko `gadget`, gwargwadon fayil ɗin da ka buɗe. Wurare uku ne ke yanke wane matsayi raminka zai ɗauka: wayoyin da ke kan allo, zaɓin da aka harhaɗa kanel da shi, da bishiyar na'urori, wato fayil ɗin `.dts`. Ɗaya ya saɓa wa sauran, ramin zai yi shiru, kuma sau da yawa ko ƙorafi ba za ka gani ba a `dmesg`, inda ake karanta saƙonnin kanel.

## Mataki na 1: ɗauko mita kafin ka taɓa kibod

Nan na fi daɗewa, domin nan na taɓa shan kunya. Wani Alhaji mai baƙala a wajen Misfala, wata unguwa a Makka, ya kira ni bayan la'asar, ya ce firinta ta ƙi fitar da komai. Na hau mota daga Jidda, na zauna kan kwalin ruwa a bayan kanta, na yi ta sake harhaɗa kanel har aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci ya dube ni ya ce, "Ɗana, wai wutar tana zuwa ma kuwa?" Na ce, "Baba, ai firintar tana da nata adafta, ga fitilarta a kunne." Don in gamsar da shi kawai na ɗora mita a kan ramin. Sifili. Firintar tana cin wutarta daga bango, gaskiya ne, amma ba za ta sanar da zuwanta ba sai ta ga bolt 5 a VBUS. Ni kuwa ban taɓa kunna makunnin VBUS na allon ba.

Ga abin da ke faruwa a kan waya. Mai masauki yana riƙe da wayoyin bayanai biyu, D+ da D−, a ƙasa (GND, wato bolt sifili) ta resista mai 15k kowanne. Baƙo in ya ga VBUS, sai ya ja ɗaya daga cikinsu sama ta resista mai 1.5k: D+ in gudunsa megabit 12 ne, D− in mai tafiyar hawainiya ne na megabit 1.5, irin su tsohon kibod. Mai gudun megabit 480 ma da D+ yake farawa, daga baya su daidaita. Wannan jan shi ne sallamar baƙo. Babu VBUS, babu sallama.

To buɗe zanen da'irar allonka ka nemo amsar tambayoyi uku. Shin akwai makunnin wuta a kan VBUS, kuma wace ƙafar GPIO (ƙafar cif da manhaja ke sarrafawa) ce ke kunna shi? Shin ƙafar ID ta ramin micro-USB tana zuwa cif kai tsaye, ko ta bi ta GPIO, ko an bar ta a sake, ko an ɗaure ta da ƙasa? Sannan allon yana da hanyar sanin cewa wani ya kawo masa wuta daga waje?

Ƙafar ID ita ce ta biyar da aka ƙara wa ƙananan ramuka saboda OTG, tsarin da ke barin rami ɗaya ya zama mai masauki ko baƙo. In ta taɓa ƙasa, allon mai masauki ne. In tana sake, baƙo ne. Ɗan gajeren kebul ɗin OTG da ake sayarwa a shagunan waya na Titin Falasɗin a Jidda ba wani abin mamaki ne a cikinsa ba, ƙafar ID kawai aka haɗa da ƙasa. Ka gwada shi da mita kafin ka yarda da shi. Ka kuma ajiye kebul ɗaya da ka tabbatar yana ɗaukar bayanai, ka ɗaura masa jan tef. Kebul na caji zalla, marar D+ da D−, ya ci wa mutane ranaku da yawa.

## Mataki na 2: san kwantirolar da ke cikin cif ɗinka

Masu ƙera cif ba kasafai suke zana sashen USB da kansu ba, saye suke yi, shi ya sa direbobi huɗu suka mamaye fagen. `dwc2` na Synopsys yana cikin Raspberry Pi, STM32MP1 da Rockchip da dama. `dwc3` ƙanensa ne mai USB 3, yana cikin RK3399, i.MX8M da cif-cif na Qualcomm. `musb` shi ne a AM335x na BeagleBone Black da ramin OTG na Allwinner. `chipidea` kuma na i.MX6 da Zynq-7000. Buɗe fayil ɗin `.dtsi` na cif ɗin, nemo `usb@`, karanta layin `compatible`. Ka kuma lura cewa ba kowane rami ne ke iya aiki biyu ba. Wanda aka rubuta masa `generic-ehci` ko `generic-ohci` mai masauki ne har abada, kome ka rubuta masa.

## Mataki na 3: zaɓin kanel

Ga abin da nake kunnawa ga allo mai `dwc2`:

```
CONFIG_USB=y
CONFIG_USB_GADGET=y
CONFIG_USB_DWC2=y
CONFIG_USB_DWC2_DUAL_ROLE=y
CONFIG_USB_ROLE_SWITCH=y
CONFIG_USB_CONN_GPIO=y
CONFIG_REGULATOR_FIXED_VOLTAGE=y
CONFIG_USB_CONFIGFS=m
CONFIG_USB_CONFIGFS_ACM=y
CONFIG_USB_CONFIGFS_NCM=y
CONFIG_USB_PRINTER=m
CONFIG_USB_STORAGE=y
CONFIG_IKCONFIG=y
CONFIG_IKCONFIG_PROC=y
```

Sunan `CONFIG_USB` yana ruɗin mutane. Ɓangaren mai masauki kaɗai yake nufi. Ɓangaren baƙo yana ƙarƙashin `CONFIG_USB_GADGET`, kuma kowanne yana iya rayuwa ba ɗan'uwansa.

Akwai tarko a nan. In ka sa direban kwantirola a cikin kanel da `y`, amma ka bar `USB_GADGET` a matsayin modul da `m`, zaɓin `DUAL_ROLE` zai ɓace daga `menuconfig`, kuma `make olddefconfig` zai mayar da kai kan `HOST` ba tare da ya ce maka uffan ba. Don haka bayan kowane canji ka sake duba `.config` da idonka. Layuka biyun ƙarshe na sama su ke ba ka damar yin `zcat /proc/config.gz | grep DWC2` a kan allon da kansa, ka ga abin da ke gudana a zahiri maimakon abin da kake zaton ka ɗora.

Mai `dwc3` zai ƙara `USB_XHCI_HCD` da `USB_XHCI_PLATFORM`, domin ɓangaren masaukinsa xHCI ne. Mai `chipidea` yana bukatar `USB_EHCI_HCD`, `USB_CHIPIDEA_HOST` da `USB_CHIPIDEA_UDC`. Kowa kuma kar ya manta da direban PHY na cif ɗinsa, wato sashen da ke tura siginar lantarki a kan waya. In babu shi kwantirola za ta zauna tana jira har abada, kuma sunanta zai fito a `/sys/kernel/debug/devices_deferred`.

## Mataki na 4: mai masauki zalla tukuna

Ko da burinka rami mai aiki biyu ne, kar ka fara da `otg`. Tabbatar da masauki shi kaɗai, sannan baƙunci shi kaɗai, sannan ka haɗa. Wanda ya fara da `otg` in abu ya lalace ba zai san ko wuta ce, ko ƙafar ID ce, ko direba ba.

```
/ {
	reg_usb_vbus: regulator-usb-vbus {
		compatible = "regulator-fixed";
		regulator-name = "usb_vbus";
		regulator-min-microvolt = <5000000>;
		regulator-max-microvolt = <5000000>;
		gpio = <&gpio1 9 GPIO_ACTIVE_HIGH>;
		enable-active-high;
	};
};

&usb_otg {
	dr_mode = "host";
	vbus-supply = <&reg_usb_vbus>;
	status = "okay";
};
```

Lambar GPIO ta allona ce, ka sa taka. Sunan `&usb_otg` ma yana canzawa: `&usbotg1` a i.MX6UL, `&usbotg_hs` a STM32MP1. A Allwinner kuwa maganar wuta da ID ba a kan kwantirola take ba, tana kan `&usbphy`, da sunaye irin `usb0_vbus-supply` da `usb0_id_det-gpios`.

Layin `enable-active-high` ƙarami ne amma shi ke da iko. A `regulator-fixed` kanel ba ya bin tutar da ka rubuta a layin `gpio`. In wannan layin ba ya nan, zai ɗauka makunnin da ƙasa yake kunnuwa, sai ya kashe maka wuta daidai lokacin da ya kamata ya kunna.

Harhaɗa da `make dtbs`, ɗora, tayar da allon, sannan kafin komai:

```
find /proc/device-tree/ -name dr_mode -exec sh -c 'echo $1; cat $1; echo' _ {} \;
```

Na sha ganin U-Boot, manhajar da ke tayar da kanel, yana ɗauko tsohon `.dtb` (harhaɗaɗɗen `.dts`) daga wani ɓangaren katin, mutum yana ta gyara fayil ɗin da ba a karantawa. In `host` ya fito, ɗora mita: ya kamata ka ga kusan bolt 5, kar ya gaza 4.75 ko da kaya a jiki. `lsusb -t` zai nuna maka tushen bas ko ba a soka komai ba. Soka filasha ka bi `dmesg -w`. Sannan firinta:

```
printf "Salamu alaikum\n\n\n\n" > /dev/usb/lp0
```

Takarda ta fito, ka gama da rabin aiki.

In ba ta fito ba, saƙonnin kanel suna da fassara. `device descriptor read/64, error -71` yawanci maganar sigina ce ko wuta: kebul mai tsawo ko marar kyau, D+ da D− da aka juya a zane, agogon PHY da ba daidai ba. `error -110` na nufin an yi tambaya ba a sami amsa ba har lokaci ya ƙare. `over-current` kuma ba kullum yake nufin kaya sun ja wuta fiye da kima ba. Wani lokaci ƙafar da ke kawo wannan rahoton ce aka bari a sake, ko aka juya mata fuska. A i.MX akwai `disable-over-current` da `over-current-active-low` saboda haka. In kana zargin sigina, gwada `maximum-speed = "full-speed";` na ɗan lokaci a direban da ke girmama shi. Ya yi aiki a megabit 12 ya ƙi a 480, to laifin zanen allo ne ko kebul, ba na kanel ba.

Ƙa'idar USB 2.0 ta ce mai masauki ya iya ba da miliamfiya 500, ya kuma ajiye kafasita ta aƙalla maikurofarad 120 a kan VBUS. Alluna masu ramin OTG sau da yawa 'yar ƙarama suke sawa, domin ƙa'idar OTG ba ta wuce 6.5 ba. Kibod ba zai damu ba. Amma soka modem na 4G ka ga yadda allon zai sake tashi da kansa da zarar modem ya fara neman sabis. Ni a irin wannan hali hub mai nasa adafta nake sawa in huta.

## Mataki na 5: baƙo zalla

Canza layi ɗaya, cire ɗaya:

```
&usb_otg {
	dr_mode = "peripheral";
	status = "okay";
};
```

Kafin ka kusanto da laftof, auna VBUS. Dole ya zama sifili. In allonka yana tura bolt 5 laftof ma yana turawa, wuta biyu za su yi karo a waya ɗaya, kuma wanda zai ji jiki ba lallai ya zama allon riyal ɗari ba. Wasu alluna an haɗa VBUS ɗinsu da layin bolt 5 kai tsaye, babu makunni. Irin waɗannan ko dai ka bar laftof ya ciyar da allon gaba ɗaya, ko ka yanke jar waya a cikin kebul ɗin gyaranka, in dai allon ba ya dogara da ganin VBUS kafin ya yi sallama.

Bayan tashi, `ls /sys/class/udc` ya nuna suna ɗaya, na kwantirolar baƙunci. Babu suna, koma mataki na 3. Akwai suna, to kwantirola ta shirya amma ba ta san wace irin baƙuwa za ta zama ba. Tsohuwar hanya ita ce modul irin `g_serial`, `g_ether` ko `g_mass_storage`, kuma don gwajin minti biyar har yanzu suna da amfani. Tun kanel 3.11 a 2013 ana iya yin wannan ta configfs, inda kake gina na'urar da foldoji da fayiloli, ka haɗa ayyuka yadda kake so. Ga wanda nake amfani da shi, layin siriyal da katin netwok a kebul ɗaya:

```
modprobe libcomposite
mount -t configfs none /sys/kernel/config 2>/dev/null
cd /sys/kernel/config/usb_gadget
mkdir g1 && cd g1

echo 0x1d6b > idVendor
echo 0x0104 > idProduct
echo 0x0200 > bcdUSB
echo 0xEF > bDeviceClass
echo 0x02 > bDeviceSubClass
echo 0x01 > bDeviceProtocol

mkdir strings/0x409
echo "JED0007" > strings/0x409/serialnumber
echo "Shagon gyara" > strings/0x409/manufacturer
echo "Akwatin fatura" > strings/0x409/product

mkdir configs/c.1
echo 0xC0 > configs/c.1/bmAttributes
echo 2 > configs/c.1/MaxPower

mkdir functions/acm.usb0 functions/ncm.usb0
echo 02:00:00:00:07:01 > functions/ncm.usb0/host_addr
echo 02:00:00:00:07:02 > functions/ncm.usb0/dev_addr

ln -s functions/acm.usb0 configs/c.1/
ln -s functions/ncm.usb0 configs/c.1/

ls /sys/class/udc > UDC
```

Layin ƙarshe shi ne buɗe ƙofa, don haka dole ya zo a ƙarshe. Lambar `0x1d6b` ta Linux Foundation ce, `0x0104` kuma ita aka saba ba na'ura mai ayyuka da yawa. Sun isa gwaji da aikin cikin gida. Mai niyyar sayar da kaya a kasuwa ya nemi tasa lambar daga USB-IF, ƙungiyar da ke kula da ƙa'idar USB, ko daga pid.codes in aikinsa buɗaɗɗe ne. Lambobin nan uku, `0xEF`, `0x02`, `0x01`, su ke sa Windows ta gane cewa na'urar haɗaka ce ta raba wa kowane aiki direbansa. `0xC0` na cewa allon yana da tasa wutar. In daga laftof yake ci, sa `0x80`, ka rubuta gaskiyar abin da yake ja a `MaxPower`. Adireshin MAC kuwa in ba ka kafa shi ba, sabo ake ƙirƙira a kowane tashi, laftof ya riƙa ganin sabon netwok kullum.

Duba `cat /sys/class/udc/*/state`. `not attached` na nufin allon bai ga kowa ba, sai ka zargi kebul ko gano VBUS. In ya tsaya a `default` ko `addressed`, an fara gaisawa aka katse. `configured` shi ake nema. A allon za ka sami `/dev/ttyGS0` da `usb0`, a laftof mai Linux `/dev/ttyACM0`, a Windows sabon COM. Ba wa `usb0` adireshi da `ip addr add 192.168.7.2/24 dev usb0`, ka tayar da shi, ka ba laftof 192.168.7.1, sai `ssh`. Linux, macOS da Windows 11 duk suna da direban NCM, wato na katin netwok ɗin nan. Tsofaffin Windows sai RNDIS, wanda ke bukatar ƙarin bayanai a `os_desc`, kuma ni ina kauce masa in da hali.

In rubutu zuwa `UDC` ya dawo da `Device or resource busy`, wani ya riga ka, galibi tsohon modul na `g_` da aka bari a jerin masu tashi da kansu. `lsmod | grep g_` zai tona shi. In kuma ka jera ayyuka huɗu ko biyar ya ƙi ɗauruwa, ƙila ƙofofin bayanai na kwantirolar ne suka ƙare, don adadinsu ƙayyadadde ne a cikin cif, ko rabon ma'ajiyar `g-tx-fifo-size` a `dwc2` bai isa ba. Rage aiki ɗaya ka gani.

Gargaɗi biyu. Mai son allon ya fito kamar filasha ta `mass_storage` kar ya buɗe fayil ɗin a allon alhali laftof ma yana rubutu a cikinsa. Kowannensu yana ɗauka shi kaɗai ne, tsarin fayilolin zai dagule. Na biyu, `systemctl enable serial-getty@ttyGS0.service` yana ba ka ƙofar shiga ta kebul, amma yana ba duk wanda ya zo da kebul. Akwatin da ke zaune a baƙala inda yara ke neman wurin cajin waya, sa masa kalmar sirri ta gaske.

## Mataki na 6: haɗa su a rami ɗaya

Sai yanzu. Kafin ka ci gaba ka tambayi kanka ko kana bukata. In allon yana da rami biyu, ba kowanne aikinsa ka wuce wurin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni rami ɗaya gare ni, ba ni da zaɓi.

In ƙafar ID tana shiga ƙafar OTG ta cif kai tsaye, `dr_mode = "otg"` tare da `vbus-supply` sun wadatar, kwantirola za ta riƙa juyawa da kanta. In ta bi ta GPIO ne, sai an sami mai kai saƙo tsakaninsu:

```
/ {
	connector {
		compatible = "gpio-usb-b-connector", "usb-b-connector";
		type = "micro";
		id-gpios = <&gpio1 12 GPIO_ACTIVE_HIGH>;
		vbus-supply = <&reg_usb_vbus>;

		port {
			con_ep: endpoint {
				remote-endpoint = <&otg_ep>;
			};
		};
	};
};

&usb_otg {
	dr_mode = "otg";
	usb-role-switch;
	status = "okay";

	port {
		otg_ep: endpoint {
			remote-endpoint = <&con_ep>;
		};
	};
};
```

Lura `vbus-supply` ya tashi daga kwantirola ya koma `connector`. Bar shi wuri ɗaya. Direban `usb-conn-gpio` yana sa ido a kan ID: ta sauka ƙasa, ya ce masauki ya kunna wuta, ta hau sama, ya kashe wuta ya ce baƙunci. Wannan ƙafar tana bukatar resista mai jan ta sama, ta waje ko ta `pinctrl`. In babu, za ta riƙa lilo, allon ya yi ta sauya matsayi kamar mai zazzaɓi. In kana da GPIO mai ganin wutar waje, ƙara `vbus-gpios`, sai allon ya san bambancin an soka laftof da ba kowa. Tsofaffin kanel da wasu direbobi irin `chipidea` suna yin wannan aikin ta `linux,extcon-usb-gpio` da layin `extcon`. Manufar ɗaya ce, sai ka duba takardar direbanka a `Documentation/devicetree/bindings/usb/`.

Ana iya juyawa da hannu, kuma hakan ne hanya mafi sauri ta raba laifin direba da na ƙafar ID:

```
cat /sys/class/usb_role/*/role
echo host > /sys/class/usb_role/*-role-switch/role
echo device > /sys/class/usb_role/*-role-switch/role
```

A `chipidea` fayil ɗin `role` yana ƙarƙashin `ci_hdrc.0`, kalmominsa `host` da `gadget`. A `musb` sunansa `mode`, yana karɓar `host`, `peripheral` da `otg`. In juyin hannu yana aiki na kebul ba ya yi, kanel ba shi da laifi. In kuma ka ga `Configuration mismatch. dr_mode forced to host` a `dmesg`, direba ne ke gaya maka cewa abin da ka roƙa ya fi abin da aka harhaɗa shi da shi, ko abin da cif ɗin zai iya.

Wani abu da Jidda ta koya mini. Damshin teku da gishiri suna cin ƙafafun micro-USB, kuma ID maƙwabciyar ƙasa ce a jerin. Akwatin da ya shekara kusa da firij a shago, na buɗe na tarar da kore-kore tsakanin ƙafafun biyu. Allon ya ɗauka kullum kebul ɗin OTG na jikinsa, ya ƙi zama baƙo, yana kuma tura wuta ga duk abin da aka soka. Yaron da nake koya wa aiki ya ce, "Yaya, ko mu sake ɗora kanel?" Tsohon buroshin haƙori da ɗan sipirit suka gama maganar.

## In ramin USB-C ne

Babu ƙafar ID. CC1 da CC2 suka gaje ta. Baƙo yana sa resista 5.1k zuwa ƙasa a kan kowacce, daban-daban. Mai masauki yana jan su sama, da 56k zuwa bolt 5 in wutar da aka saba zai bayar, 22k in amfiya 1.5, 10k in amfiya 3. Raspberry Pi 4 na farko a 2019 ya haɗa ƙafafun biyu a resista ɗaya, sai kebul masu cif a ciki suka ƙi ba shi wuta har aka gyara zanen. In allonka yana aiki da kebul mai kan A ya ƙi da mai C a duka ɓangarori, resistocin nan ne babu, domin ramin A kullum wutarsa a kunne take, na C kuwa sai ya ga 5.1k yake sakinta.

Resista kafaffe matsayi ɗaya yake bayarwa. Mai son biyu sai ya sa cif irin FUSB302 ko TUSB320, ya kunna `CONFIG_TYPEC` da direban cif ɗin, ya bayyana ramin da `usb-c-connector` da `data-role = "dual"`, ya haɗa shi da kwantirola ta `port` da `endpoint` kamar na sama.

Masu Raspberry Pi Zero ko ramin C na Pi 4 an rage musu wahala. Layi ɗaya ne a `config.txt`, wanda a sabbin fitowa yake `/boot/firmware/`: `dtoverlay=dwc2,dr_mode=peripheral`, ko `host`, ko `otg`. Daga nan rubutun configfs ɗin nan yana aiki yadda yake.

## Kafin akwati ya bar shago

Mayar da rubutun configfs hidimar systemd mai tashi da allon. Ka rubuta masa hanyar rushewa ma, a juye: `echo "" > UDC`, goge mahaɗan da ke `configs/c.1`, sannan `rmdir` na config, na ayyuka, na `strings/0x409`, na `g1`. `rm -rf` ba ya aiki a configfs. Barin na'urar baƙunci a ɗaure ba ya hana masauki, tana nan tana jiran lokacinta.

Gwajin da nake yi ba shi da ado. Firinta, cire, laftof, cire, sau ashirin, ina kallon `role` da mita. Sannan in cire wutar allon gaba ɗaya in mayar alhali firinta na jiki, in maimaita alhali laftof na jiki, domin matsayin da ake tashi da shi hanyarsa daban a cikin direba da wanda ake sauyawa daga baya. In ba a soka komai ba kuma allon yana tashi a matsayin da ba ka so, direbobi irin `dwc2` da `dwc3` suna karanta `role-switch-default-mode`. Na ƙarshe, ina barin akwatin a rufe cikin mota da azahar na awa ɗaya, in ɗauko shi da zafinsa in buga fatura hamsin a jere. Makunnan VBUS suna da kariyar zafi da ke yanke wuta, kuma kantar baƙala a Makka cikin watan Yuli zafinta bai yi nisa da na cikin motar nan ba.